Yunwa Ta San Watanta, Tallafi Bai San Nasa Ba

 Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, to a yi mini afuwa, yau masoya za su ɗan jira a zaure, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato wannan abu da ake kira tallafin abinci, wanda gwamnati ke cewa tana raba wa talakawa. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, iyakata sakandare, amma dai an koya mana raba lamba da lamba, kuma da wannan ɗan ilimin nake so mu fara.

A watan Yulin 2024 ministan yaɗa labarai, Mohammed Idris, ya fito ya shaida wa duniya cewa gwamnatin tarayya ta tura wa kowace jiha tirela 20 ta shinkafa, kowace tirela ɗauke da buhu 1,200 mai cin kilo 25. In ka ji wannan a rediyo sai ka ce ai shi ke nan, an kashe bakin yunwa. To amma ɗauko biro. Tirela 20 sau buhu 1,200 ya ba mu buhu 24,000. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. In aka raba daidai wa daida, ba a zubar da ƙwaya ɗaya a hanya ba, ɗan dako bai huda buhu ba, babu wanda ya ce a ajiye wa maigida nasa, to mazaɓarmu ta Kurmin Kogi buhu 94 za ta samu. Mazaɓa guda, da ƙauyukanta da rugagenta da unguwanninta. In kuwa da kawunan mutane za a bi, ƙidayar 2006 ta ce mu miliyan shida da ɗoriya ne a jihar, ka ga ke nan kowa bai samu giram 100 ba, abin da bai cika gwangwanin madara ba. Wannan fa da lissafin 2006 ne, yaran da aka haifa a shekarar yau wasunsu na da nasu 'ya'yan.

Na san abin da za a ce mini: ai Malam ba don kowa aka kawo ba, don masu ƙaramin ƙarfi ne. Na yarda. To wa ke tantance mai ƙaramin ƙarfin? Nan ne gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa zama a karkara ya san yadda ake haɗa takardar sunaye. Da daddare ake haɗa ta, a ɗakin wani, kuma mai riƙe da biron mutum ne kamar kowa, yana da surukai, yana da waɗanda suka tsaya masa a akwati ranar zaɓe, yana da wanda suka yi faɗa a kan iyakar gona. Ba ma sai ya zama mugu ba. Ka ba mutumin kirki buhu 94 ka ce ya raba wa dubban gidaje, ka riga ka mai da shi azzalumi a idon duk wanda bai samu ba, shi kuma tunda ya san ko ya ya yi sai an zage shi, sai ya gwammace ya ba waɗanda zaginsu zai fi yi masa ciwo. Tsohuwar da ke riƙon marayu huɗu a ƙarshen gari, wadda ba ta zuwa taro, ba ta da waya, ba ta da ɗa a majalisar matasan jam'iyya, zaginta ba ya kai wa ko'ina.

Amma ƙarancin buhu da son kai wajen rabo duk ba su ne suka fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne lokaci.

Mu nan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ba mabarata ba ne, manoma ne. Masara muke nomawa da dawa da waken soya da shinkafa, ga rake da har Kudu ake lodinsa daga Makarfi, ga tumatir da tattasai da attaruhu a fadamu da rani. Wanda ya biyo hanyarmu a watan Nuwamba ya ga motoci na fita shaƙe da buhuna, in ka ce masa akwai gidan da za a kwana ba a ɗora tukunya ba a wannan ƙasa, sai ya ce sharri kake. To ya dawo a watan Yuli. Yunwar manomi tana da wata, kowa ya san shi, kaka da kakanni ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Da kaka hatsi na arha saboda kowa ya fito da nasa a lokaci ɗaya, kuma a daidai lokacin ne bashi ke tsaye a ƙofa: mai taki na jira, mai maganin feshi na jira, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya da aka ɗaga tun bara aka ce sai kaka. Dole ya sayar. 'Yan sari su saya su kulle a sito. Rumbu ya fara sauka a bazara, lokacin da ruwa ya zauna aka yi shuka sai a kwashe ɗan abin da ya rage a sayi taki. Daga tsakiyar Yuni zuwa lokacin da sabuwar masara za ta nuna, nan ne ake gane magidanci. A watannin ne aikin gona ya fi tsanani, a watannin ne zazzaɓin sauro ke kwantar da yara, a watannin ne kuma masarar da ya sayar da hannunsa take dawo masa kasuwa da sabon farashi, wani lokaci har ninki.

Me yake yi? Ya bar gonarsa ciyawa na ci ya tafi ƙwadago gonar mai hali don ya samo na awo. Ko ya je ya karɓi buhu ɗaya bisa sharaɗin zai biya fiye da haka da kaka, ka ga ya ci amfanin gonarsa tun tana kore. Uwargida kuma ta koma ga tafasa da rama da zogale, a tsinka tsaki a yi fate. Kanawa na yi mana tsiya cewa mu Zazzagawa fate ne abincinmu, muna dariya, to faten marmari daban, faten watan Agusta da ake ƙara wa ruwa don ya zagaya daban. Wanda ya bar gonarsa a Yuli zai girbe kaɗan a Oktoba, wanda ya girbe kaɗan rumbunsa zai ƙare da wuri, baɗi yunwarsa ta riga ta bana zuwa. Haka gida ke mutuwa a tsaye, sannu a hankali, ba tare da an yi fari ko ambaliya ba.

Yanzu ku duba mini watan da tallafi ke zuwa. Yana zuwa in azumi ya kama, yana zuwa da jajiberin Kirsimeti, yana zuwa in zaɓe ya matso, yana zuwa in an ƙara kuɗin mai ana tsoron jama'a za su fusata. Waccan shinkafa ta Yulin 2024 ta faɗo a watan yunwa, gaskiya ne, amma kowa ya san a lokacin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma matasa sun riga sun sa ranar 1 ga Agusta don zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda ta kai har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Ba wanda zai iya ce maka baɗi war haka za a sake kawowa. Abin da ba ka san ranar zuwansa ba kuwa ba ka iya gina komai a kansa. Magidanci ba zai fasa cin bashi ba don wataƙila tirela na hanya.

Mu marubuta mun san wannan salon sarai, domin shi ne jarinmu. Yarinya na talla, mahaifinta ba lafiya, mai gidan haya ya ba su kwana uku, kwatsam sai ga wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gida, Alhaji ya sa direba ya sauke buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya, unguwa ta ɗauki guɗa. A littafi abin na da daɗi, saboda ni ke riƙe da alƙalami, na san Alhaji zai iso kafin shafi na arba'in. Kuma ku makaranta kun fi ni sanin cewa Alhajin nan ba ya sauke buhu a banza, akwai abin da yake so a gidan. To gwamnatocinmu sun ɗauki matsayin Alhaji sun zauna daram. Har hotonsu suke bugawa a jikin buhu, don kada a manta wanda ya yi alherin, alhali kuɗin na baitulmali ne.

Abin ba yau ya fara ba. Iyayenmu na ba mu labarin zamanin Shagari, tsakanin 1979 da 1983, lokacin da aka kafa kwamiti na musamman a kan shinkafa a ƙarƙashin Umaru Dikko, shinkafar waje ta zama abin da ake saka wa 'yan jam'iyya da shi. Na zamaninmu kuwa mun gani da idonmu. A Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a garuruwa da dama, har da Kaduna da Jos, suka tarar da kayan tallafin korona jibge, watanni bayan an kulle mutane a gida ba abin da za su ci. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Agusta aka ce an ware wa kowace jiha naira biliyan 5 don sayen hatsi da taki. A Fabrairun 2024 aka ba da umarnin fito da tan 42,000 na hatsi daga rumbun ƙasa, wanda in ka raba wa mutum sama da miliyan 200 ba zai kai maka rubu'in kilo ba. A watan nan dai na Fabrairu hukumar kwastan ta buɗe sayar da shinkafar da ta kama a Yaba da ke Legas, buhu naira 10,000, aka yi turmutsutsu, rahotanni suka ce mutum bakwai sun rasu. A Maris ɗalibai mata biyu suka mutu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wasu na cewa rashin haƙuri ne irin na mutanenmu. Ni ban yarda ba. Mutum na turereniya ne in ya san abin ba zai isa ba, kuma in ya wuce yau babu gobe. Ba a taɓa tattake kowa a layin albashi ba.

Sai batun kuɗi. A zamanin Buhari an riƙa ba wasu gidaje naira 5,000 a wata, wani ɓangare daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. A Oktoban 2023 Tinubu ya ƙaddamar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Ba na raina kuɗi, kuma kuɗi sun fi buhu sauƙin kaiwa. Sai dai a daminar 2024 naira 25,000 ba ta sayen rabin buhun masara, sannan kafin ta shigo sai kana da lambar ɗan ƙasa da asusu da layin waya mai aiki, ka ga an sake tsallake tsohuwar nan ta ƙarshen gari. Kuɗi na narkewa a hannu in farashi ya tashi. Tiya kuwa tiya ce ko yaushe.

Shiri ɗaya na sani da ya taɓa samun rana da ma'auni, shi ne ciyar da 'yan firamare. Gwamnatin El-Rufa'i ta fara shi a Janairun 2016 a kan naira 50 kowane yaro, daga baya na tarayya ya zo da naira 70 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku. Yana da nasa kura-kurai, abincin kan yi kaɗan, masu dafawa kan yi watanni suna jiran kuɗinsu, wasu yaran ma da an ci an sha sai su sulale gida. Duk da haka uwa ta san in ɗanta ya tafi da safe akwai abin da zai shiga cikinsa, kuma ba wanda ya tambaye ta jam'iyyar mijinta, rajistar aji ita ce takardar sunaye. Matan ƙauye sun samu sana'a, mai ƙwai da mai wake sun samu ciniki. To a Janairun 2024, da aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata mata, sai aka haɗa da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya aka dakatar, har da abincin yara. Laifin da ake zargin an yi a Abuja, ɗan aji biyu a ƙauye ya biya.

Tunda yawancinmu mun tashi da kallon finafinan Indiya, har wasu na cewa daga can muke kwaso labaranmu, to ga wani abu nasu da ya kamata a kwaso. A 2013 Indiya ta yi doka cewa kowane mutum a gidajen da suka cancanta yana da haƙƙin kilo 5 na hatsi duk wata, shinkafa a kan rufi 3 kilo, alkama rufi 2, kuma daga Janairun 2023 ma suka mai da shi kyauta. Mutum kusan miliyan 800 ke ci. Kowane gida na da katinsa, kowace unguwa na da shagonta, hatsin kuma gwamnati na saya ne daga manomansu a kan farashin da ta sanar tun kafin girbi. Su ma ana sata, kada ku ɗauka waliyyai ne. Bambancin shi ne matar da aka tauye wa awo ta san adadin da aka tauye mata, tana da abin da za ta riƙe ta kai ƙara. Mu fa? In an ba ka mudu biyu godiya za ka yi, don ba ka san ko goma aka rubuta da sunanka ba.

In an ce Indiya ta yi nisa, ga maƙwabtanmu. Nijar na da hukumar OPVN tun 1970, wadda ke sayen gero da dawa da masara ta ajiye, in watannin wahala suka kama a fito da su a sayar a farashi mai rahusa, shekaru da dama ana ba da buhu mai kilo 100 a kan jaka 13 ta sefa, ana auna wa magidanta da tiya. A Maraɗi da Damagaram kuma ƙauyuka da yawa na da bankin hatsi nasu na kansu. Amma akwai darasi mai ɗaci a can. A yunwar 2005 gwamnatin Tandja ta daɗe tana nacewa a kan sayarwa da rahusa, ta ƙi yarda da rabon kyauta sai da abin ya yi nisa, alhali akwai gidajen da ko an ce tiya dala ce ba su da dalar, yara suka yi ta cika cibiyoyin jinya a Maraɗi. Saboda haka rahusa kaɗai ba ta wadatarwa, dole a ware kason wanda ba shi da ko sisi.

Abin da nake so a yi mana ba sabon ilimi ba ne, kakanninmu da rumbu suka san shi, kuma duk ɗan makarantar allo ya san labarin Annabi Yusuf da shekarun yalwa da na fari. Kuɗin da ake kashewa a sayo shinkafa daga nesa, a biya tirela, a buga hoto a buhu, a yi taron ƙaddamarwa da rumfuna da makaɗa, a kawo su kasuwannin Ikara da Makarfi da Hunkuyi a watan Nuwamba da Disamba a sayi masara da dawa daga hannun manoma, a kan farashin da aka sanar a rediyo. Wannan kaɗai taimako ne tun kafin a raba ƙwaya ɗaya, domin zai hana farashi faɗuwa warwas da kaka. Wanda ya noma masara a 2025 ya san abin da nake nufi: bayan an ɗage harajin shigo da hatsi a 2024 farashi ya karye, mutanen birni suka ji sanyi, amma taki bai sauko ba, manomi ya sayar da buhu biyu ko fiye kafin ya sayi buhun taki ɗaya. A ajiye hatsin a cikin mazaɓar, inda idon jama'a ke kansa, kada a kai shi wani sito a babban birni da ba wanda ya san mai riƙe da makullinsa. A buɗe daga Yuni zuwa Satumba, ranar kasuwa, a ce kowane gida tiya kaza gwargwadon bakunan da ke ciki, a rubuta farashin a allo a ƙofa. Marayu da zawarawa masu riƙon yara da tsofaffi da naƙasassu a ba su nasu kyauta, a kuma karanta sunayensu a fili, gaban mai unguwa da liman da fasto da shugabar mata, don in an sa sunan mai shanu hamsin a samu wanda zai yi tari.

Kuma masara da dawa na ce, da gangan. Shinkafa 'yar gwamnati abin sha'awa ce, tana da kasuwa a birni, shi ya sa take ɓata a hanya. Babban mutum ba zai zubar da girmansa a kan tiya biyar ta dawa ba, matarsa ma ba za ta karɓa ba. Buhun shinkafa mai kilo 25 bai wuce tiya goma ba, gida mai mutum goma in sun yi tattali kwana goma ne. Kuɗinsa in aka sayi masara da su da kaka, a kai inji a yi tuwo a yi koko, sun fi haka nisa nesa ba kusa ba.

Za a ce ƙwari za su cinye. To ai 'yan sarin da ke ɓoye hatsin nan wata bakwai ba aljanu ke tsare musu ba, kuma yanzu ga buhunan nan masu leda a ciki da ake ajiye wake ba tare da magani ba. Za a ce kwamitin zai ci. Zai taɓa, ban musa ba, mutum ne. Amma satar da ake yi a sito mai ƙofa ɗaya a tsakiyar Kurmin Kogi, inda aka ƙirga buhunan da suka shiga a gaban kowa, kuma ɓarawon zai haɗu da mu a masallaci da wajen jana'iza, ba ta kai wadda ake yi tsakanin Abuja da Kaduna ba, inda ba mu san nawa aka loda ba balle mu san nawa aka sauke. Za a ce ba kuɗi. Kuɗin da aka sayar da hatsin na rahusa su ne jarin kaka mai zuwa, abin da gwamnati za ta cika shi ne giɓin rahusar da kason kyauta, kuma a sa shi a kasafin kuɗi da doka, yadda ko gwamna ya sauya rumbu ba zai sauya ba.

Masu neman ƙuri'a sun kusa fara zagayowa, kuma na san da buhu za su zo, da taliya da atamfa da sabulu. Ban ce kowa ya ƙi karɓa ba, mai yara a gida ba a yi masa wa'azin ƙin abinci. Ku karɓa. In ɗan takara ya gama jawabi ya ce ko akwai mai tambaya, wani dattijo ya daure ya miƙe ya ce: ranka ya daɗe mun gode, to na watan Yuli fa, a wane sito za a ajiye, tiya nawa ne kowane gida, kuma wa zai riƙe makulli?